Lambar da Kawu Ya Ƙi Yarda da Ita

Yau da safe na je makaranta na tattara takardun jarrabawa, kuma babu abin da ya faru a can da ya cancanci rubutawa.

Bayan la'asar Kawu ya tarar da ni ina yi wa Auta bayanin lambar da ba ta rabuwa sai da 1 ko da kanta, irin su 7 da 31. Na ce mafi girma da aka sani ita ce wadda Luke Durant ya gano a watan Oktoba na 2024 ta hanyar shirin GIMPS, inda 'yan sa-kai ke amfani da kwamfutocinsu wajen neman irin waɗannan lambobi: a jera 2 har sau 136,279,841, a ninka su da juna, sannan a cire 1. Rubuta ta yana cin alƙaluma 41,024,320, kuma ita ce ta 52 da aka gano ba ta rabuwa cikin lambobin da ake samu ta wannan hanya ta jera 2 a ninka a cire 1, waɗanda ke ɗauke da sunan Mersenne, limamin Kirista ɗan Faransa na ƙarni na 17.

Kawu, wanda ya tsufa a kasuwar hatsi, ya ce: "Ɗana, wa ya zauna ya raba ta da kowace lamba? Buhun da ba a auna ba, ba a rantsuwa a kan mudunsa."

Na ce: "Kawu, Allah ya ƙara girma, babu wanda ya raba ta, kuma ba a bukatar hakan." Na ɗauko alli na nuna masa gwajin da masana lissafi Lucas da Lehmer suka samar don lambobin Mersenne, a kan 31, wadda ita ma 2 ce mai jeri 5 a cire 1. Ana farawa da 4, a ninka shi da kansa a cire 2, a samu 14. A maimaita a samu 194, wanda idan an raba da 31 saura 8. A sake da 8 ɗin, a samu 62, wanda 31 ta raba ba saura. Wannan sifirin shi ne hujjar cewa 31 ba ta rabuwa sai da 1 ko da kanta, kuma irin wannan aikin kwamfuta ta maimaita fiye da sau miliyan 136. Kawu ya gyaɗa kai, amma na san ladabin da na yi masa ya karɓa, hujjar kuwa ya bar mini.

Tun magariba wani abu yake damuna. Idan gwajin bai ƙare da sifiri ba, yana tabbatar da cewa lambar tana rabuwa, amma ba ya faɗin da me. A 1876 Lucas ya nuna cewa Mersenne ya yi kuskure da ya ce 2 mai jeri 67 a cire 1 ba ta rabuwa, domin tana rabuwa, sai dai babu wanda ya san masu raba ta har 1903, lokacin da masanin lissafi Frank Cole ya rubuta su a allo: 193,707,721 da 761,838,257,287. Shekara 27 ke nan ana da tabbacin abin da babu wanda zai iya nunawa, kuma har yau akwai ɗimbin lambobin Mersenne da suke cikin wannan hali.