Baba ya ba ni shago, amma makullin na aljihunsa

Na san agola ba ya gadon mijin uwarsa, tun a Islamiyya aka karantar da mu. Shi ya sa da Baba ya rasu ban ɗora ido kan gida ko gona ba. Shagon kawai na sa a raina, don da bakinsa ya ba ni.

Ina ƙaramin yaro Umma ta shigo da ni gidan. Shi ya sa ni makaranta, shi ya biya mini sadaki, a shagonsa na atamfa da shadda na koyi ciniki. Ba sau ɗaya ba ya faɗa a gaban maƙwabtanmu na kasuwa, "Shagon nan na ba yaron nan." Da aka zo rabo, manyan 'ya'yansa na ɗakin uwargida suka ce shago na cikin dukiyar gado. Magana ta kai kotun shari'a, na tafi da shaiduna biyu, hankalina kwance.

Alƙali bai musa shaidun ba. Tambaya ya yi mini: makulli a hannun wa yake? Wa ke karɓar kuɗin ciniki da yamma? Sunan wa ke kan takarda? Na ce, "Allah gafarta Malam, duk a hannun Baba." Makullin nan yana ɗaure da jan zare a aljihun gaban rigarsa, har ranar da aka kai shi asibiti Umma ce ta ciro shi. Sai alƙali ya ce a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya zama a hannunsa tun mai kyautar yana raye da lafiyarsa. In ya rasu ba a yi hauzi ba, kyauta ta ɓaci, abin ya koma gado.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne hanyar a buɗe take. Magaji ne ba a yi wa wasiyya, ni kuwa ba magaji ba ne. Da Baba ya yi mini wasiyya a gaban adalai biyu, da ta zartu har sulusin dukiyarsa, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kuma babu ɗan da zai hana. Shagon bai ma kai sulusi ba. Ko kuma ya miƙa mini makulli, ya sauya takarda, ya bar ni da cinikin. Aikin wuni guda. Amma a gidajenmu wa zai dubi uba ya ce masa rubuta? Sai a ce kana kira masa mutuwa.

Umma da uwargida suka raba tumuni, kowacce kashi 1 cikin 16. Ƙannena da Umma ta haifa masa suka samu nasu, namiji rabon mata biyu. Ban yi jayayya da wannan ba, hukuncin Allah ne a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Babbar yayarmu ce ta kira ni gefe, ta ba ni dila biyu na atamfa daga rabonta, ta ce Baba ba zai so in fita hannu rabbana ba. Da su na kama rumfa, Allah ya saka mata.

Yanzu duk mai riƙon agola da na sani sai na tare shi, ko ransa zai ɓaci. In kyauta ce, ka sakar masa abin yau, ka cire hannunka. In wasiyya ce, ka kira malami da shaidu a rubuta, kowa ya sa hannu. Kada ka bari sai ciwo ya kwantar da kai, don kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi. Ita ma uwar yaron ta daure ta yi magana tun mijinta na raye, don ranar rabo ba a tambayar wa ya fi yi wa mamaci hidima.