Lasifika shida a farfajiyar maƙwabcina

Maƙwabcina a nan Ohio dattijo ne Ba'amurke da ya yi ritaya. Duk shekara yakan cika farfajiyarsa da kwarangwal na roba, kaburburan ƙarya da kabewa saboda daren Halloween, 31 ga Oktoba, lokacin da yara ke bin gida-gida suna karɓar alewa. Ba bikina ba ne, amma mutumin ya sha share mini dusar ƙanƙara a ƙofar gida, kuma ya san haɗa kayan sauti ne sana'ata, don haka na yarda in taimaka masa. Damuwarsa ita ce lasifika ɗaya tilo da ke kwarara ihu tun magariba, har yaran unguwa suka saba, ba mai ko waiwayawa.

Da farko na so in huta da jan waya, na jera ƙananan lasifikoki masu Bluetooth. Ban ji daɗinsu ba. Kowace da irin jinkirinta, tsawa sai ta faɗo a hagu kafin ta iso dama, kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya. Ga sanyin ƙarshen Oktoba yana cinye batir. Na kwashe su, na ja waya.

Tsohuwar kwamfuta na ajiye a gareji, na sa mata katin sauti na USB mai layi shida, daga nan zuwa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. A Audacity, manhajar gyaran sauti, na ba kowane layi nasa sautin. Nan ne aikin ya yi mini daɗi ƙwarai. Kunne ba ya gane inda sauti mai kauri yake fitowa, don haka babbar lasifikar tsawa na cusa ta ƙarƙashin baranda, sai dai mutum ya ji ƙirjinsa na rawa. Siririn sauti kuwa, irin raɗa ko ƙarar ƙyauren da ya yi tsatsa, kunne yana nuna wurinsa daidai. Waɗannan na ɓoye su ƙasa-ƙasa cikin shuke-shuke, yadda za su fito ta bayan mai tafiya. Takun sawu na raba wa lasifika uku a gefen hanya, ɗaya na karɓa daga ɗaya, sai ka rantse wani ke bin ka.

Iska, gyare da kukan mujiya suna tafiya a hankali ba yankewa. Abin razanarwa kuma na ware shi daban: na'urar jin motsi ta PIR haɗe da ɗan allon kunna sauti na DFPlayer Mini mai katin microSD. Daren gwaji, kyanwa da masu wucewa a bakin titi suka yi ta tayar da ita. Na zura ta cikin guntun bututun roba don ta riƙa kallon wuri ɗaya kawai, na kuma sa ta yi shiru na daƙiƙa 30 bayan kowace ƙara. Wannan shirun ya fi kowane ihu aiki.

Wuta a waje ba abin wasa ba ce. Komai na jona shi a soket mai GFCI, wanda ke yanke wuta da kansa idan ta fara zurarewa, lasifikoki cikin robobi bakinsu na kallon ƙasa saboda raɓa, wayoyi kuma a kafe cikin ciyawa don kada yaro ya harɗe.

A daren, wata yarinya 'yar shekara huɗu ta fashe da kuka a lasifika ta biyu, wadda ke raɗa. Raina ya ɓaci sosai. Na koma gareji na kashe raɗar, ban sake kunna ta ba sai bayan ƙarfe bakwai da rabi, da ƙananan suka ragu, manyan yara suka fara shigowa.