Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Farashi Uku, Inji a Rufe

A makon jiya na tsaya ne a inda Fijo ta mace mana bayan mun wuce Kalgo, muna dawowa daga ta'aziyya a Jega, saura kamar rabin awa a sha ruwa. Wata a-kori-kura ce ta ja mu da igiya har cikin Birnin Kebbi, muka yi buɗa-baki da dabino da ruwan leda a bakin gareji. Wannan kuwa cikin goman ƙarshe na azumin 2024 ne, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, ka taɓa sitiyari da tsakar rana ka ji kamar ka taɓa murfin tukunya.

Kafin in shiga maganar kuɗi bari in faɗi laifina, don wancan makon na ɗan kewaye shi. Wata uku cur kullum da safe sai na ƙara wa motar ruwa. Na rijiya ne, na famfo ne, na leda ne, duk wanda hannuna ya kai. Na san ba shanye shi take yi ba, akwai inda yake zuba, amma kullum sai in ce sai an yi albashi. Ranar kuma tun muna fita Jega na ga allurar zafi ta wuce tsakiya. Uwargida ma ta gani, ta yi magana. Na ce mata tafiyar nawa ce, mu lallaɓa mu sha ruwa a gida. Lallaɓawar ke nan.

Washegari da hantsi na koma garejin. Ogan wurin matashi ne, shi na saba kai wa juyen bakin mai da gyaran birki. Ya sa yaronsa ya murza makulli, injin ya yi ta gurnani bai tashi ba. Ya buɗe murfin da ake zuba bakin mai, ya leƙa, ya mayar. Duka-duka bai yi minti biyar a gaban motar ba.

"Malam, wanga inji ya tahi. Sai dai a ɗora wani."

"Nawa za ya ci, Oga?"

Ya kira mutuminsa a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya sa wayar a sifika don in ji da kunnena. Injin Beljiyam na Fijo 406, naira dubu 550. Ban da kuɗin motar da za ta kawo shi, ban da aikin hannu, ban da bakin mai. Da muka tara sai ga abu ya doshi dubu 650. Garanti kuma sati ɗaya.

Na samu wata tsohuwar taya na zauna. A 2015 na sayi motar nan sukutum, da tayoyinta da takardunta na kwastan, naira dubu 850. Ta Kwatano ta biyo, tun kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017. A lokacin dala ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A farkon 2024 kuwa ta haura 1,500, kuma duk wani ƙarfe da ke jikin mota da dala ake auna shi, har wanda aka tsinto daga bolar Turawa. Ga shi an daina ƙera 406 a Faransa tun 2004. Wato injin da za a kwance daga jikin wata a kawo mini, shi ma ya ba shekara 20 baya, ban san wanda ya hau shi ba, ban san abin da ya sa aka yar da motarsa ba.

Na biyu da na nemi shawararsa wani bakanike ne da abokin aikina ya turo. Shi ko makulli bai karɓa ba. Ya ji labari a tsaye, ya ce ba sai an sayi inji ba, a sauke wannan a yi masa ringi da mitali, dubu 320, amma in an sauke an ga karanshaf ya ci, to magana ta canza. Duk wanda ya taɓa ajiye tsohuwar mota ya san abin da "magana ta canza" ke nufi.

Na uku ban neme shi ba, shi ya neme ni. Labari ba ya kwana a gareji. Bayan la'asar sai ga dillali har ƙofar gida, da hula a karkace, yana ta jajanta mini kamar an yi rasuwa. Ya ce akwai wani alhaji da ke son ta a yadda take, dubu 700, kuɗi hannu. Na ce albarka. Ya ce in yi tunani, don mota in ta kwana biyu a gareji kaji ne ke saka ƙwai a cikinta. A nan kam bai yi ƙarya ba.

A makaranta malamai suka yi mini caa. Mai lissafi ya ce hauka ne a kashe wa mota kusan rabin darajarta, zuba ruwa a rariya ne, in sayar in cika in sayi wata. Maganar ta shige ni, har na je wurin masu sayar da motoci na taya wata Toyota Corolla ƙirar 2005, wadda shekara uku kawai ta bambanta ta da tawa. Aka ce miliyan 6. Ban ma yi tayi ba, na yi musu fatan kasuwa na fito. Tun daga ranar na daina auna kuɗin gyara da darajar Fijo, na koma auna shi da abin da zan hau in babu ita. Yara huɗu ne ke zuwa makaranta, ga gonar shinkafa a fadama da nake kai wa fetur a jarka. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuwa 'yan kabu-kabu sun daina jin "don Allah a rage". A kwana huɗun da motar ta yi a kwance, abin da na kashe a kabu-kabu da Keke ya isa ya nuna mini yadda shekara za ta kasance.

Da daddare bayan asham na je gaishe da Kawu. Tsohon direba ne, ya yi shekaru yana tuƙa 504 da 505 irin waɗanda ake harhaɗawa a Kaduna, kuma har gobe a wurinsa in ba Fijo ba ce to gwangwani ce. Na kwashe farashin nan uku na faɗa masa. Ya yi shiru yana jan carbi.

"Wa ya buɗe injin?"

"Ba wanda ya buɗe, Kawu."

"To kuɗɗin mi sunka hwaɗa maka?"

Na rasa amsa. Mutum uku sun yanke wa inji hukunci, babu wanda ya ga cikinsa, ni kuma na hana kaina barci a kan lissafinsu.

Kawu ne ya haɗa ni da wani dattijo da kowa ke kira Baba mai Fijo. Garejinsa ba wani gareji ba ne, inuwar dogon yaro ce da akwatin ƙarfe da yara biyu. Aka sake jan motar zuwa can. Abin da ya fara yi shi ne zaro sandar auna bakin mai, ya murza man tsakanin yatsunsa, ya kai hanci. Ya nuna mini cikin murfin: wani abu ne fari-fari mai kauri, kamar shayin da madara ta yi wa yawa.

"Ruwa ya gamu da mai," in ji shi. "Wanga kowa ya gani. Saura mu san ta ina."

Ya kwance fulogi huɗu ya jera su a kan tsumma, kowane a layinsa. Uku sun yi baƙi-baƙi irin na yau da kullum. Na silinda ta uku kuwa fes yake kamar an wanke shi da sabulu, ga laima a bakinsa. Ya ce ruwa ne ke shiga wannan silinda, tururinsa ne ya wanke fulogin. Sannan ya sa babban sifana a ƙasan injin ya juya shi da hannu, a hankali, kunnensa a kusa. Injin ya zagaya sumul, babu inda ya cije.

"Bai kwanta ba. Amma ba ni hwaɗa maka kuɗɗi sai na cire kai na gani. Buɗewa dubu 15, ko ka gyara nan ko ka kai wani wuri."

Gaskiya na yi jim. Inji in an buɗe shi, mai mota ya zama fursuna, ba ka da bakin ciniki tunda kayan cikinka na zube a kwano. Na dubi Kawu, ya kau da kai kamar bai san ni ba. Na biya.

Kwana ɗaya aikin ya ci. Da aka ɗaga kan silinda, gasket ɗin, wato 'yar shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan da jikin injin, ya ƙone daidai gefen silinda ta uku, inda hanyar ruwa ta bi. Baba ya sa farce ya bi bangon silindun ɗaya bayan ɗaya, bai ji kaushi ba. Sai ya kifa kan a kan benci, ya goge shi da fetur, ya ɗora wani miƙaƙƙen ƙarfe kamar rula, ya haska tocila ta baya. Na ga haske na ratsowa ta tsakiya, siriri kamar zare. Kan da alminiyon aka yi shi, zafi ya lanƙwasa shi. In aka ɗora sabon gasket a haka, wata guda ba zai yi ba. Sai an kai shi Sakkwato an goge fuskar a inji ta daidaita.

Ya kuma gano asalin ɓarnar. Wani tiyon ruwa ne ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa, abin da a wancan lokacin da na fara ƙarin ruwa bai fi kuɗin cefanen kwana ɗaya ba. Famfon ruwan kuma tsatsa ta cinye fukafukansa, albarkacin ruwan rijiyata. Ya nemi tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, bai gani ba. Na ce wani bakanike ya cire ta shekarun baya, wai ta ƙasar sanyi ce. Baba ya ce gyaran gangar Abzinawa ke nan, waɗanda suka ƙera motar ba su fi wancan rashin sanin zafi ba.

A bayan kwalin sukari ya rubuta mini lissafi: gasket, kusoshin kai, famfon ruwa, taimin bel, tiyo, tamostat, ruwan lagireto na gaske, bakin mai juye biyu don a wanke gurɓataccen, tafiyar Sakkwato, aikin hannu. Dubu 195. Na sa yatsa a kan taimin bel na ce wannan ai lafiyarsa ƙalau, a bar shi sai bayan salla.

"Malam, bel ɗin shi ka juya famfon ruwa. Sai na cire shi kahin in kai ga famfo. In na maida tsoho ya tsinke maka bisa hanya, bawul duk sun lanƙwashe, sannan ne za ka sai injin da anka hwaɗa maka. In ba ka sawa, kwashe kayanka."

Na bar bel. Na koma kan gasket, don akwai mai araha da bai kai rabin kuɗin ba. Nan ma ya ce shi ba ya buɗe inji sau biyu a kan abu ɗaya.

Ba na ce ogan farko ɓarawo ba ne, har yau muna gaisawa. Ɗora inji aikin yini ɗaya ne, ga ɗan abin da zai samu daga mai kaya, in kuma injin ya ba da matsala laifin Kano ne ba nasa ba. Yawancin yaran da suka koyi aiki a zamanin Beljiyam sauyawa suka koya, ba aunawa ba. Abin da na riƙe shi da shi ɗaya ne, da bai ce mini "ban duba ba".

Saura inda kuɗin za su fito, ga salla saura kwana huɗu, ɗinkin yara na wurin tela. Akwai buhunan shanshera da na ajiye tun kaka, da niyyar in farashi ya hau a fara tara wa babbar 'yarmu kayan ɗaki. Bayan sahur na yi wa uwargida maganar. Ta daɗe tana kwashe kwanuka ba ta ce komai ba.

"Malam, wagga mota ta hi kishiya cin kuɗɗi. Da ka tsaya Jega da na yi magana..."

"Na sani."

"Buhu huɗu. Na biyar ko tayar motar ta hita, ba a taɓa shi."

Da rana aka ɗora buhu huɗu a kan amalanke. Da yamma yaron Baba ya naɗe kan silindan a buhun siminti, ya ɗaure da roba, zai bi motar asuba zuwa Sakkwato. Ina miƙa masa kuɗin mota sai Baba ya kira ni gefe, ya rage murya. Ya ce akwai abin da bai sa a kwalin sukari ba. In sun gwada kan a can sun tarar ya tsage, gogewa ba ta da amfani, sai an nemi wani kan, kuma wannan ba ya yin ƙasa da dubu 120.

Na ce masa buhu ɗaya ya rage, kuma an riga an yi mini iyaka da shi.

"To ka yi addu'a," in ji Baba, "ai cikin goman ƙarshe muke."

Abin da yaron ya dawo da shi daga Sakkwato, da yadda muka je Idi a wannan shekarar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.