Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shef Bandin da Ba Wanda Ya Ji Tsoronsa

Makon jiya mun rabu a tashar Tawa, inda Baba ya damƙa ni hannun Kawu da akwatin ƙarfe da takardar shiga kolej, ya hau motar ƙauyenmu bai waiwayo ba. Shekarar 1997 ke nan. Na yi alkawarin labarin makaranta, amma sai na fara da gidan bidiyon Kawu, don can na yi rabin karatuna.

Kawu, kamar yawancin mazan Adar, Abijan ya ci ƙuruciyarsa yana talla. Abin da ya komo da shi tele ce mai launi, da bidiyo, da ƙaramin gurup, wato injin ba da wuta, mai yawan tari. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 kayan waje suka yi tsadar da talaka ba ya ko tayawa, saboda haka wanda ya riga ya mallaki tele ya zama mai jari. Ya kewaye wani fili a unguwar Bilbis da zana, ya jera benci. Yara dala biyar, manya dala goma. Aikina in na taso lakwal shi ne shara, da rubuta sunan fim ɗin dare da alli a allo, da karɓar kuɗi bakin ƙofa. Kaset-kaset daga Kano da Sakkwato suke fitowa, su tsallako ta Illela zuwa Kwanni, wani direba ya ƙaraso mana da su cikin leda.

Ba mai jin yaren Indiya a cikinmu, kuma ba mu taɓa jin mun rasa wani abu ba. Mun san ƙa'ida. Akta zai sha wuya da fari, uwarsa za ta yi kuka, a yi waƙa bisa dutse, a ƙarshe shef bandi, wato uban mugayen, ya yi mummunar mutuwa. Sarkin mugaye a wurinmu Amrish Puri ne, musamman Mogambo ɗinsa na fim ɗin 1987. In ya zaro idanun nan, yaran bencin gaba matsawa suke yi baya.

Wata rana ledar Kwanni ta zo da kaset mai hoton Aamir Khan da Salman Khan tare. Kawu ya ce yau an yi ciniki, akta biyu a kuɗin ɗaya. Sunan fim ɗin Andaz Apna Apna, na 1994. Na rubuta shi da manyan baƙaƙe, na ƙara da "sabon shigowa" ko da yake ya shekara uku a duniya. Daren nan har bisa katangar maƙwabta an hau.

Ba a kai rabi ba aka fara tsaki. Fim ne na barkwanci, kuma yawancin barkwancin a baki yake: samari biyu matalauta, kowa na son auren ɗiyar attajiri, sai zuba suke yi suna yaudarar juna. Wanda ba ya jin yaren me zai kama? Ba jini, ba uwa mai kuka. Wani mahauci ya miƙe ya ce, "Alhaji, wanga ai surutu muka saya. A maido muna kuɗɗinmu." Kawu bai mayar ba, amma da aka watse ya zare kaset ɗin ya cilla ƙarƙashin gado, ya ce kada ya sake ganin sunan a allonsa.

Mutum ɗaya ne ya zauna har aka rubuta ƙarshe, Baba Tela, wanda kekensa ke jingine da zanarmu. Dattijo ne siriri, ba ya biyan kuɗin shiga don shi ke yi wa Kawu facin labule. Zamanin Kunce, lokacin da samariya ke tashe ana gasar wasan kwaikwayo a bikin matasa na ƙasa, yana cikin ƴan wasan unguwarsu, kuma kullum shi ake ba boka maƙaryaci ko mai ba da bashi da ruwa. Washegari da azahar, Kawu ya tafi kasuwa, ya leƙo ya ce, "Yaro, ɗauko min kaset ɗin jiya. Akwai mutum guda ciki da nike son in sake gani."

Na zaci ɗaya daga cikin aktocin yake nufi. Sai ya ce in yi ta turawa gaba har sai mai alkyabba ya fito.

Fuskar mun san ta sarai. A finafinan da muke nunawa shi ne lalataccen ɗan attajiri, ko yaron shef bandi mai tare ƴan mata a hanya, wanda akta ke fara farfasa wa baki kafin ya kai ga babban. Ba wanda ya taɓa tambayar sunansa a gidan bidiyonmu. "Ɗan iskan nan" kawai ake cewa, kowa ya gane. Shakti Kapoor ne. A wannan fim ya fito a matsayin wani ɗan fashi mai suna Gogo, da baƙaƙen kaya, da doguwar alkyabba, da gashin baki irin na wanda ya ɓata safiya yana murza shi. Yana iƙirarin shi ɗan ɗan'uwan Mogambo ne. Barazanarsa ita ce zai ƙwaƙule wa mutum idanu ya yi wasa da su, kuma taƙamarsa ita ce duk inda ya shiga ba ya fita hannu wofi. Waɗannan daga baya wani ɗan kasuwa da ya zauna Dubai ya fassara mana su. A ranar, jikin mutumin kawai muke karantawa.

Fitowarsa duka ba ta da yawa. In aka haɗa ta ba za ta kai tsawon waƙoƙin fim ɗin ba, a ganina. Amma Baba Tela ya sa na yi ta mayar da kaset baya har na ji tsoron zaren zai tsinke.

"Duba hwuskatai," in ji shi. "Ka ga ya yi dariya?"

Na ce a'a.

"To shi ke nan sirrin. Su waɗancan samarin sun san wasa suka yi, suna ƙyafta ma ido, suna son ka so su. Wanga bai san da wasa ba. Shi har zuciyatai ya yarda duniya na rawar jiki in ta ji sunanshi."

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma har yau ban sami inda ta karye ba. Mugu na sosai aikinsa da sauƙi ta wani fanni: kiɗa na taya shi, duhu na taya shi, kowa a fim ɗin na nuna yana tsoronsa, kai mai kallo sai ka bi sahu. Ɗan barkwanci zalla shi ma yana da mafita, in abu bai yi ba ya faɗi ƙasa ya murguɗa baki. Amma a ce ka zama mugu kuma abin dariya a numfashi ɗaya, nan ƙafa ke zamewa. In ka cika mugunta dariya ta mutu. In ka cika wauta, to ba sauran haɗari, kuma fim ɗin da ba haɗari a ƙarshensa ba abin da zai riƙe mutum bisa benci. Gogo ya riƙe biyun. Bindigarsa ta gaske ce, mutanen da ya kama a maɓoyarsa saboda lu'ulu'u kamammu ne na gaske. Sai dai duk lokacin da ya saki barazana yakan ɗan dakata, ya buɗe ido, yana jiran tsoron da ya tabbata zai gani, tsoron kuma ya ƙi zuwa. A wannan ɗan jiran dariyar take. Kamar ɗan kokowar da ya cika fili da kirari da layu, a kada shi tun makaɗi bai gama ɗaure ganga ba, ya tashi ya karkaɗe ƙura ya ci gaba da kirarin daga inda ya tsaya.

Sai alkyabbar. Baba Tela, da yake ɗinki ne sana'arsa, a kanta ya fi daɗewa. Ya ce wanda ya yanka ta ya san abin da yake yi, kuma wanda ya sa ta ya fi shi sani. Tufa ce ta girma, ya ɗauke ta da girma, yana wurga ta yana juyi, alhali ita ce abu na farko da ke tona shi. Ƙaramin ɗan wasa zai nuna maka ya san ta yi masa yawa. Shi ko kusa. Ko da samarin suka mai da ita abin tsokana, mutuncinta yake karewa.

Shekaru bayan haka, da intanet ta zo, na je na bincika mutumin. Ashe ba daga titi aka tsinto shi ba, makarantar koyon fim ta birnin Pune ya yi. Ashe kuma fim ɗin ko a Indiya bai yi kasuwa ba da ya fito. Sai daga baya, da talabijin ta yi ta maimaita shi, ya zama abin da suke haddacewa. Mahaucinmu na Bilbis dai ba shi kaɗai ya nemi kuɗinsa ba. Kyautar Filmfare ta gwanin barkwanci da Shakti Kapoor ya samu a wancan lokaci ma, a kan wani fim daban na shekarar aka ba shi. Kuma har yanzu, in kuka zauna a fada ana lissafin gwanayen Indiya, za a kawo Amitabh, a kawo Shah Rukh, a kawo Amrish Puri a layin mugaye, shi ba mai tuna shi sai a layin ƴan iska. Mu mutane ne masu haɗa ɗan wasa da rigar da aka sa masa. Ba Indiyawa kaɗai muka yi wa haka ba. Zalika Souley, wadda ta fito a finafinan Umaru Ganda da Mustafa Alasan tun shekarun 1960, ta sha zagi a titunan Yamai saboda matan banzan da take fitowa a matsayinsu, kamar ita ta rubuta labarin. Shi Mustafa Alasan ɗin ma a Tawa ya yi zamansa shekara da shekaru, muna ta kallon Bombay a bayan zana ba mu san wa ke cikin garinmu ba.

To, ga inda abin ya shafi rayuwata. Wajen ƙarshen shekara mushen Faransancinmu, wato malaminmu, ya ce ajinmu zai yi wasan kwaikwayo da Hausa a gidan matasa. Labarin wani ɗan kasuwa ne mai saye hatsi da kaka ya kulle a sito, sai bazara ta yi tsanani ya fito da shi ninki biyu, da wani saurayi malamin gona da ya tona masa asiri. Kowa na son zama saurayin. Ni ɗan ƙauye ne, gajere, ga muryar da ba ta gama fashewa ba. Mushe ya dube ni ya ce, "Kai ne Alhajin."

Na kai wa Baba Tela kuka. Ya ajiye almakashi ya yi dariya har da tari. "Kai, an ba ka nama kana kukan ƙashi. Saurayin mi zai yi? Ya tsaya ya hwaɗi gaskiya, a tafa mai, a mance shi. Taho in gwada ka."

Ya ɗinka mini babbar riga daga tsohon labulen Kawu, ya bar ta ta fi ni tsawo da gangan. Kullum bayan la'asar, kafin a tada gurup, sai ya zauna bencin gaba ni ina gaban tele ina zama Alhaji. Dokarsa ɗaya ce: in ya ga haƙorina, mu koma farko. Ya hana ni murguɗa baki, ya hana ni tafiyar ƴan kama. Ya ce Alhajin nan bai san shi azzalumi ba ne. A ganinsa shi ke ceton gari, don ba don sitonsa ba da ba a sami ko tiya guda a bazara ba. "Ka hwaɗi haka kamar kana wa'azi. In sun yi dariya, ka dube su kamar an yi ma rashin kunya."

Ranar wasa na fito da carbi a hannu ɗaya, makullan sito a ɗayan. Wurin da aka rubuta in yi wa malamin gona barazanar zan sa a ɗaure shi, na faɗa da dukan ƙarfina, na tsaya ina jiran ya durƙusa. Bai durƙusa ba, don ba haka aka rubuta ba. Na ci gaba da jira. Sai na ji dariya ta taso daga layin mata ta bi ɗakin har baya. Na juya na harare su, na tattare rigata da ta naɗe mini ƙafa, na gyara ta a kafaɗa a hankali. Ɗakin ya sake fashewa. Mushe da ke bayan labule yana ta yi mini alama in ci gaba, ni kuwa sai da na ƙirga makullaina ɗaya bayan ɗaya tukuna.

Kyautar gwanin wasa, littafi da bik guda biyu, saurayin aka ba. Ni abin da na samu suna ne. Kafin mako ya zagayo, daga Bilbis har bakin kasuwa ba mai kirana da sunan yanka. In Kawu ya aike ni awo, masu hatsi su ce ga abokin sana'a ya zo, mata kuma su ce, "Alhaji mai sito, yaushe za a buɗe muna?" Wata tsohuwa ta tare ni da gaske ta ce in ji tsoron Allah, yaro ƙarami da baƙar zuciya. Kawu da ya ga yara na biyo ni har ƙofar bidiyo, sai ya zaro kaset ɗin nan daga ƙarƙashin gado ya ce in rubuta a allo, amma ban da sunan aktocin: in sa "fim ɗin mai alkyabba". Ya yi mana dare uku a jere.

Abin da ban lissafa ba shi ne ranar Lahadi kasuwar Tawa ke ci, kuma mutanen ƙauyenmu ba sa fashin ta. Wani ya koma ya shaida wa Baba cewa ɗan da ya tura karatu ya zama ɗan kama, yana sa rigar labule yana kwaikwayon alhazai a gaban mata. Lahadin da ta biyo ina cikin shara da hantsi, na ɗago kai, sai ga Baba tsaye a bakin zana da sandarsa, bai ko yi sallama ba. Ya ce, "Ina kawun naka? Kira min shi. Kai kuma ɗauko akwatinka."

Yadda aka kwashe tsakaninsa da Kawu, da abin da Baba Tela ya tsoma baki ya faɗa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.