Rigimata da Kawu a Alkaleri kan iskar taya

Satin da ya wuce mun je Gombe gaisuwar rasuwa ni da kawuna a 'yar Corolla ɗina. Ba mu bar Bauchi ba sai wajen sha biyu da rabi, kun dai san zafin watan Afrilu, kwalta har wani ƙyalli take kamar ruwa ne ya kwanta a gabanka. Da muka tsaya Alkaleri yin azahar sai Kawu ya zagaya motar ya dafa tayar gaba, ya janye hannu da sauri yace "kai ɗan nan nemo tsinke ka rage wa tayoyin nan iska, sun ɗau zafi, kar su fashe mana a daji." Nace Kawu a yi haƙuri, wannan kam ba zan iya ba. Wallahi har muka shiga Gombe bai ƙara ce min uffan ba, mutumin da yake tuƙi tun ban san wanke hanci ba wai yau ni zan masa gardama.

Kuma ba shi kaɗai bane, direbobi da yawa a tasha haka suka yarda. Amma abun a juye yake. Eh in mota tayi tafiya iskar cikin taya tana ɗumi ta ƙaru, in ka sa geji, wato abun auna iskar taya, a lokacin za ka ga ta hau da kamar 3 ko 4, to wannan masu ƙera motar sun san da shi sun riga sun sa shi a lissafi. In ka sace iskar tana da zafi, da ta huce sai ta koma ƙasa da yadda ake so. Ita kuma tayar da iska ta yi wa kaɗan gefenta ne yake ta lanƙwashewa yana miƙewa duk juyi ɗaya, kamar dai ka ɗau waya kana lanƙwasa ta gaba da baya, ai kafin ta tsinke sai ta ƙona maka yatsa. Haka zafin yake taruwa a ciki har roba ta saki wayoyin da ke riƙe da ita, kana kan 120 sai dai ka ji ƙara kamar bindiga. Kenan rage iskar da kayi don gudun zafi ita ce ma ta ƙaro zafin.

Ɗaya ɓangaren kuma masu faci ne, Allah Ya bar mu da su don ba mu da kamarsu, amma da yawansu in ka tsaya kace a ƙara iska 45 ko 50 za su danna maka ko wace irin mota ce. Sun saba da masu haya da ke loda buhunan masara har saman but. Wani ma zai nuna maka lambar da ke jikin tayar yace ga shi 44 aka rubuta. Waccan lambar iyakar abun da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita ake tuƙi da ita ba. Lambar motarka tana jikin wata 'yar sitika, buɗe ƙofar direba ka duba jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai, tawa 30 aka rubuta gaba da baya, yawancin ƙananan motoci dai tsakanin 30 ne da 35. In iska tayi yawa tsakiyar tayar kawai ke taɓa ƙasa, nan za ta fara cinyewa, mota ta riƙa tsalle, birki baya kamawa yadda ya kamata, ka faɗa rami ɗaya mai kaifi sai ka ga ƙulli ya fito a gefe, shikenan tayar ta tashi aiki.

Ni tuntuni na sayi geji nawa, irin ɗan ƙaramin nan mai kama da biro, saboda na wasu masu facin ya sha faɗuwa ƙasa har allurar ta rikice. Da safe nake aunawa kafin in tada mota, ko kuma in ta yi kamar awa 3 a ajiye, sau ɗaya a wata da kuma duk ranar da zan yi doguwar tafiya. Taya ko ba ta huje ba tana rage 1 zuwa 2 a wata da kanta, lokacin hunturu ma ya fi, sanyin safiyar Disamba kaɗai yana saukar da ita. Shurin taya da ƙafa da muke yi kuwa ba abun da yake gaya maka sai dai in ta riga ta kwanta. Ga kuma mai, tayar da ba iska jan ƙafa take, tun da aka cire tallafi a 2023 wa ke da man zubarwa.

In tayar Beljiyom kake saye, duba lambobi huɗun nan na gefenta masu nuna lokacin da aka ƙera ta, 2319 na nufin sati na 23 a shekarar 2019, 'yan rod sefti shekara 4 suke lissafawa daga nan su ce wa'adin tayar ya ƙare. Tsohuwar roba ko ka auna iskarta daidai ba ta da amana.

Washegari da safe a Tumfure inda muka kwana na fito da gejina ina aunawa, da gangan na kira Kawu ya gani, duk huɗun suna kan 30. Ya kalla ya gyaɗa kai kawai, can sai yace "to malamin taya, buɗe but mu ga safaya." Na buɗe na sa geji, 11. Rabona da ita tun ranar da na sayi motar. Dariyar da Kawu yayi sai da mutanen gidan suka leƙo, kuma har muka dawo Bauchi duk mai facin da muka wuce a bakin hanya sai ya nuna min shi yace "ɗan nan ko mu tsaya ka koya masa aiki ne?"