Yadda na auna tazarar makamashin ferobskayit da haske

Sinadarin da na yi aiki a kansa shi ne MAPbI3, wani ferobskayit (rukunin sinadarai masu tsarin lu'ulu'u iri ɗaya) da ake haɗawa daga dalma da aidin da metilamoniyam, wanda tawagar Tsutomu Miyasaka ta fara gwadawa wajen samar da lantarki daga hasken rana a Japan a 2009. Abin da nake nema shi ne tazarar makamashinsa, wato mafi ƙarancin makamashin da haske zai zo da shi kafin sinadarin ya fara shanye shi.

Na shafa ruwan sinadarin a kan gilashi, na gasa shi a zafin digiri 100 na ma'aunin Celsius har ya koma baƙi-baƙi, sannan na saka shi cikin na'urar auna shan haske, bayan na fara auna gilashin da babu komai a kansa domin a cire nasa kason. Shan hasken ya faɗi warwas wajen tsawon zangon haske na nanomita 780 zuwa 800. Idan aka raba 1240 da wannan tsawon zango, ana samun tazarar makamashi tsakanin eV 1.55 da 1.6 (eV shi ne ma'aunin wannan makamashi).

Wahalar tana wajen zanen Tauc, wanda ake fitar da tazarar da shi daga awon shan haske. Ana ninka ƙarfin shan haske da makamashin hasken, a ninka sakamakon da kansa tunda tazarar wannan sinadari irin wadda ake kira ta kai tsaye ce, a zana shi daura da makamashin hasken, sannan a ja miƙaƙƙen layi daga gangaren zuwa inda zai yanke layin ƙasa, nan ake karanta tazarar. To amma hannun mutum ne yake zaɓar inda gangaren ya miƙe, kuma da na ɗan matsar da wurin sai adadin ya motsa, alhali samfurin bai canza ba. Bai kamata a yi mamaki ba, domin Jan Tauc ya tsara hanyar ne a shekarun 1960 saboda jamaniyam marar tsararren lu'ulu'u, shi kuwa ferobskayit tsararre ne. Tun daga nan nake rubuta iyakar makamashin da na ja layin a kai tare da kowane adadi, kuma ina kwatanta shi da hasken da sinadarin yake fitarwa idan aka haska shi, wanda kan tsaya wajen nanomita 770.

Danshi ma yana da nasa ɓarnar. Samfurin da ya kwana a sarari yakan fara rawaya daga gefe, alamar yana komawa PbI2, wato haɗin dalma da aidin kaɗai, sai wani sabon gangare ya ɓullo wajen nanomita 520. Wannan gangare yana dab da na MAPbBr3, ferobskayit ɗin da buromin ya maye gurbin aidin a cikinsa, mai tazarar kusan eV 2.3, saboda haka mai gwada cakuɗen aidin da buromin yana iya ɗaukar lalacewa a matsayin nasarar haɗi. Shi ya sa nake auna samfur a ranar da aka gasa shi, in kuma ajiye ragowar a akwatin naitirojin.