Yarinyar da ke son ɗinki, da tukuicin da na hana

Ni tela ce, kuma cikin 'yan koyon da ke shagona akwai wata yarinya da ba sai an ce mata zauna kan keke ba. Ana tashi, ita tana nan tana harhaɗa ƙyallayen atamfa, bakinta cike da fil, tana murmushi ita kaɗai.

Yayata ta ce, "Ƙanwata, ki riƙa ba ta ɗan wani abu a kan kowace riga, ta ƙara himma." Na ƙi, kuma da dalili.

A wani bincike da aka wallafa a 1973, Mark Lepper, masanin halayyar ɗan'adam, da abokan aikinsa sun yi gwaji a makarantar yara ta Jami'ar Stanford, a Amurka. Yaran da dama can suna son zane, aka yi wa wasunsu alƙawarin takardar yabo. Daga baya waɗannan ne suka rage zane da kansu. Waɗanda aka ba kyautar ba zato, sha'awarsu ba ta ragu ba. Alƙawarin ne ya mai da wasa aiki.

Haƙƙin guminta kam tana karɓa, wannan dole ne. Amma in ta fitar da wuyan riga tsaf, nakan ɗaga shi in nuna mata daidai inda hannunta ya faɗa.